Ƴan Tagogin Marigayiya

Wata ranar Asabar surukin wani tsoho ya goge masa kwamfuta.

Ba da mugun nufi ya yi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona wa tsohon rai. Da mugu ne, ya san irin maganar da zai gaya masa. Mai taimako kuwa sai ya taka maka ƙafa, sannan ya tsaya yana jiran godiya.

Abin da tsohon ya faɗa kawai shi ne kwamfutar ta yi nauyi. A kan abinci ya faɗa, kamar yadda mutum kan ce gwiwarsa na ciwo, ba don yana neman a yanke ta ba. Mijin autarsa ya ajiye cokali nan take. Ma'aikacin kamfanin inshora ne, amma tun da ya taɓa tayar da na'urar buga takarda ta wani maƙwabci ake ce masa Injiniya, shi kuma yake amsawa ba kunya.

"Baba, akwai wani abu mai muhimmanci a ciki?"

"Littattafaina."

"Shi ke nan?"

"Da hotuna. Me kake zato, taswirar inda na binne zinare?"

Injiniya ya yi dariya, ya kwashe littattafan da hotunan ya adana a gefe, tsohon kuma ya shiga ɗaki ya ɗan kishingiɗa. Da ya fito, fuskar kwamfutar ta zama fili fetal, shuɗiya, ba komai a kanta sai kwandon shara a kusurwa.

A da ba haka take ba. Marigayiya matarsa sakatariya ce a wata makaranta, kuma da ta yi ritaya sai ta dawo da halin ofis cikin gida. Shi mai gyaran rubutu ne a maɗaba'a, har bayan ya bar aiki ana kawo masa littattafai ya duba, don haka yini yake yi a gaban allon. Ita ce ta cika masa shi da waɗansu ƙananan manhajoji na kyauta da ake liƙawa a fuskar kwamfuta, kowacce da aikinta. Ƴan tagogi take ce musu. Akwai agogo mai manyan lambobi saboda idonsa. Akwai mai nuna ko za a yi ruwa, wadda ya ce maƙaryaciya ce amma kullum sai ya duba ta kafin ya fita. Akwai kalanda, da ƴar takarda ruwan ɗorawa ta rubuta saƙo, da ma'aunin da ke yin ja idan na'urar ta ɗau zafi, da wani ƙamus mai kawo sabuwar kalma kowace safiya, wanda tsohon ya kama da kuskure ba sau ɗaya ba, ya kuma ji daɗin hakan fiye da kima.

Sai ta ƙarshe, ƴar ƙarama a can ƙasa ta hannun dama. Mai tunatarwa ce. Likita ya ce zama ne ke kumbura masa ƙafa, dole ya riƙa tashi yana takawa. Tagar tana da ƙararrawarta, amma matar ta gano ana iya sa mata sautin da aka ga dama, sai ta naɗi muryarta ta sa. Duk bayan wani lokaci muryar kan fito daga lasifika: "Malam, tashi ka taka ƙafar nan. Littafin ba guduwa zai yi ba." Daga nan sai a ji ƴar dariya da ta kasa dannewa, da ƙarar kujera.

Tana raye yana mayar mata da magana ta bango. Bayan ta rasu bai fasa ba. Muryar ta yi magana, shi ya ce, "Na ji, shugaba," ya tashi ya zaga falo yana gunaguni. Idan ya ji sallamar baƙi sai ya yi sauri ya kashe lasifikar. Ba wanda ya sani, ko autar. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana soke kalmomin tausayi daga rubutun wasu ba zai yarda a same shi yana hira da na'ura ba.

"Ina tagogin?" ya tambaya.

Injiniya ya juyo fuska a sake. "Wijet-wijet ɗin nan? Baba, ai su ne ke shanye mata ƙarfi. Taɓa ka ji yanzu, kamar sabuwa."

"Na ce maka ina son sabuwa?"

"Ai ba matsala, kyauta ne duka. Yanzun nan sai in sauko maka da su."

Ya kuwa sauko da su, yana buga madannai da sauri don jin daɗin gwaninta. Agogo ya dawo. Maƙaryaciya ta dawo, ta ce gobe rana. Kalanda, ƙamus, ma'aunin zafi, duk ya jera su reras kamar sojoji, ba yadda ita ta watsa su ba, wannan na hawa kan wancan. Tsohon yana tsaye yana kallo, har aka zo kan mai tunatarwa. Injiniya ya danna gwaji. Na'urar ta ce ƙiriring.

"Wannan wace ce?"

"Ƙararrawa ce, Baba."

"Ina muryar?"

"Wace murya?"

Autar tana bakin ƙofa da tire a hannu. Ta dubi mahaifinta, ta dubi allon, ta ajiye tiren a hankali a kan kujera.

"Baba, muryar wa?"

"Ta uwarki," ya ce. "Ko kina da wata da kike zaton zan tambaya?"

Injiniya ya miƙe tsaye. Ya ce ai ya tambaya. Ya ce wallahi ya tambaya, Baba ya ce littattafai da hotuna. Ya ce irin wannan sautin a cikin jakar manhajar kanta yake zama, ba inda ake ajiye takardu ba, wa zai duba can?

"Mai ido," in ji tsohon. "Ni shafi ba ya wuce ni sai na karanta har lambar da ke ƙasansa. Kai an ba ka gidan mutane ka share, ka haɗa da masu gidan."

"Baba, da ka faɗa min..."

"Da na faɗa maka me? Ka sayar min da inshora a kanta?"

Ya san yaron yana da gaskiya a wannan gaɓar, shi ya sa ya ƙara ɗaga murya.

Ranar Litinin ya naɗe kwamfutar a tawul ya kai ta layin masu gyara, inda kowane shago ke da tulin matattun na'urori a ƙofa da warin dalma. Ya zaɓi wanda ya fi kowa furfura, don ya gaji da masu saurin hannu. Mai gyaran ya saurare shi yana goge tabarau da gefen riga.

"Gogewa kawai aka yi, ko an ɗora sabon tsari a kai?"

"An ɗora. Surukina ba ya aiki rabi."

"To, Malam, da sauran aiki. Abin da aka goge yana nan kwance har sai an rubuta wani a kansa. In an rubuta, ya tafi."

"Na sani. Na ga yadda ake niƙa littafi a mai da shi kwalin ƙwai. Ka duba dai."

Ya duba. Tsohon ya ƙi tafiya, ya zauna a kan benci tsakanin wata tsohuwar talabijin da buhun wayoyi, ƙafarsa na zugi, yana kallon wani koren layi na rarrafe a allo. Abubuwa suka riƙa fitowa daga kabari. Tallan katifa. Rabin hoton wani biki, kawunan mutane sun zama toka. Babi na uku na littafin wani marubuci da tsohon ya yi addu'ar kada ya sake gani. Can sai ga wani ɗan sauti mara suna. Mai gyaran ya miƙo masa abin sawa a kunne, tsohon ya karɓa da hannu biyu.

Kiɗan da kwamfuta ke yi ne idan an kunna ta.

"Duk shirmen duniya ya tsira," ya ce yana cire abin daga kunne. "Tallan katifa ya tsira."

"Haka take, Malam. Ba ta zaɓe."

"Ai na ga alama. Ƴar uwar surukina ce."

Da yammacin ranar autar ta zo, mijinta na biye da ita kamar wanda za a kai kotu. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar mahaifinta ta fito da waya. Ta ce tana da saƙonnin muryar Mama da yawa, ba ta goge ko ɗaya ba, ya zaɓi wanda yake so a sa masa a tagar. Sai ta kunna.

Muryar ta cika falon. Ki duba min ko telan nan ya gama. Ki rage gishiri, mijinki ba ya faɗa ne kawai. Ki kira ni in kin tashi aiki. Tsohon ya riƙe hannun kujera har jijiyoyinsa suka fito. Ita ce, ba shakka, har da yadda take jan numfashi kafin ta yi faɗa. Amma duk ki ne, ki, ki. Ji ya yi kamar ya laɓe a bayan ƙofa yana sauraren hirar da ba da shi ake ba.

"Kashe," ya ce. "Naki ne. Ki riƙe abinki."

Injiniya ya yi gyaran murya. Tun da ya shigo yake juya maganar a baki.

"Baba, akwai wata hanya. Akwai manhaja, ita ma kyauta ce, in ka ba ta waɗannan saƙonnin sai ta koyi muryar. Ka rubuta duk abin da kake so, ta faɗa maka da muryar Mama sak. Ba za ka bambance ba."

Autar ta rufe ido. Ta san mahaifinta.

"Maimaita," in ji tsohon a hankali.

"Cewa na yi..."

"In rubuta, ta faɗa. Ni in sa wa matata magana a baki. Yaro, na zauna da matar nan tun ba a haifi wadda kake aure ba, ban taɓa samun ta faɗi abin da nake so ba ko sau ɗaya. Ita ke nan. In ta fara bin rubutuna, wata ce ka kawo min. Ka goge ta bai ishe ka ba, sai ka ɗinko min ƴar tsana da muryarta?"

"Baba, yi haƙuri," in ji autar, "taimako yake son yi."

"Na ga taimakon, Auta. Ɗauke shi ku tafi tun yana da sauran abin da bai taimaka ba a gidan nan."

Suka tafi. A bakin ƙofa ta ce za ta dawo gobe ita kaɗai, bai hana ta ba.

Ya kwance tawul ya mai da kwamfutar kan tebur ya kunna. Ta tashi cikin ƙiftawar ido, abin haushi. Agogo na tafiya daidai. Ƙamus ya kawo kalmarsa, ba kuskure. Ya jawo aikin da ke gabansa ya fara karatu, layi na shiga ido ba ya shiga kai. Can na'urar ta ce ƙiriring. Bai motsa ba. Ba na'urar da aka haifa da za ta tashe shi daga kujera.

Ya gaya wa surukin nasa, ya gaya wa mai gyara, ya gaya wa autar wadda ba ta ci ba ba ta sha ba. Duk ya sauke, amma fushin na nan cif a ƙirjinsa, sai yanzu ya gane ba nasu ba ne. Na wadda ba ta cikin ɗakin ne. Matar da ke da mabuɗi biyu na kowace ƙofa, da maɓallin ajiya na kowace riga, da kwafin takardar haihuwar kowa a gida har da ta kyanwa in da ana bayarwa. Maganar ta haɗu a bakinsa tsaf, gajera, ba abin sokewa, irin wadda da tana nan sai ta ajiye abin da take yi ta juyo su kwashi yini suna yi.

Ke da ba ki taɓa barin komai guda ɗaya ba, sai muryarki ce kika bar min kwafi ɗaya tak?