Kunyar da Ba a Fesa Ba

Auta ta durƙusa a bakin kunyar ƙarshe, ta tumɓuke karas ɗaya, ta karkaɗe ƙasar. Ganyen shar da shi, amma daga wuya zuwa tsakiya duk baƙaƙen ramuka ne. Ta tsaga shi da farce, ga farar tsutsa a lanƙwashe, ta ci ta ƙoshi.

Ba tsutsar ce ta dame ta ba, ai ita ta zo nema. Aikinta na kammala jami'a ke nan, ta gano ko maganin feshi yana kashe ƙwaron nan mai dogon baki da ke saka ƙwai a wuyan karas. Kawu ya ara mata gefen lambunsa. Ta yi ta fesa wa kunyoyi magani, ta bar ta ƙarshe da gangan, ta kafa mata sanda da jan ƙyalle. Da ita za a auna sauran. In babu ita, babu aikin.

Warin magani ne ya tsayar da ita. Ta kai ganyen hanci, ta sake kaiwa.

"Kawu, an fesa nan ne?"

Kawu ya ajiye fartanya yana dariya. "Likitar ƙwari, kin kama ni! Asiri na rufa miki."

"Ai na ce a bar ta, Kawu."

"Kin ce, na ji. To maƙwabcina mai tumatir kullum sai ya leƙo ta shinge ya ce, yanzu kiwon tsutsa ka koma? Kunyar taki ta zama kunyata. Duk ranar da kika fesa, kina juya baya nake bin ta da ragowar."

Ta dubi furfurarsa. "Sannu da ƙoƙari," ta ce, muryarta can ƙasa.

A ofis, Dakta mai duba aikinta ya jujjuya karas ɗin da bakin biro, fanka na ƙara a kansu.

"Duka kunyoyin haka suke?"

"Duka, ranka ya daɗe, har wadda na bari ashe an fesa ta. Maganin bai yi komai ba."

"Wa ya gaya miki? Ƙila da ba a fesa ba, da ɓarnar ta ninka haka. Ƙila kuma ruwan banza ne a kwalba. Da me za ki nuna min?" Ya tura mata ledar karas ɗin. "Lokacin karas ya wuce. Sai baɗi."

A baranda 'yan ajinsu na gwada hulunan bikin kammalawa, wata na ƙorafin tata ta yi mata girma. Auta ta raɓa ta jikin bango ta wuce.

Ta tarar da Kawu a ƙofar gida yana wanke famfon feshi.

"Ya malamin naku, ya yaba?"

"Ya ce in sake baɗi."

"Madalla, lambu naki ne." Ya girgiza famfon, ya zubar da ruwan a kwata. "Amma wannan karon ki ninka maganin. Ni na ga kamar hannunki bai da nauyi."