Farin Layi a Wuyan Raƙuman Dawa

"Kaltuma, riƙe min kujerar nan," in ji mijina Zakiru. Ya haye da burushi a hannu.

A ɗakin maƙwabcinmu Baba Asumani muke, nan unguwar Jurf. Mutumin Tanzaniya ne, shekara goma sha biyu yana fentin gidajen mutane a Madina. Asibiti sun sallamo shi, sun ce sai addu'a. Bangonsa cike yake da zanen hannunsa a kan takardu, namun dajin ƙasarsu, kullum biyu-biyu: giwaye, gauraka, da raƙuman dawa da suka sarƙe wuya. Ya taɓa gaya min da gurgun Larabcinsa cewa duk shekara yana zana wa matarsa Mwanaidi guda, ranar komawa ya kai mata.

"Abu Umair, na matarsa ne fa," na ce wa Zakiru da alkunyarsa.

"Mala'ikun rahama ba sa shiga ɗaki mai sura, hoton abu mai rai. So kike ya cika babu su? Ba yagawa zan yi ba. Layi ɗaya a wuya, khalas, shi ke nan, sun tashi daga masu rai."

Zakiru ba mugu ba ne, shi ke yi wa tsohon wanka tun da ya kwanta. Amma in ya kafe, ya kafe. Ni ma tsoron ya kama ni, na riƙe kujerar.

Ya ja farin fenti daidai inda wuyan raƙuman suka haɗu. Baba ya ɗaga hannu, ya faɗi wata kalma da yarensu, ya juya fuskarsa bango. Zakiru ya ajiye burushin. Sauran bai taɓa su ba, ya sauke su ya kai gidanmu.

Bayan La'asar Baba ya cika. A maƙabartar Baƙi'a aka rufe shi.

Kwana uku na kasa samun ƙarfin hali, sannan na kira Mwanaidi ta bidiyo da wayarsa. Ba ta jin Larabci, ba na jin yarenta. Na riƙa ɗaga mata zanen ɗaya bayan ɗaya. Da ta ga giwayen ta yi dariya, hawaye na zuba.

Na ɗaga raƙuman daga ƙarshe. Ta matso da fuskarta. Sai ta kama bakin mayafinta, ta shiga goge gilashin wayarta a hankali, daidai wurin farin layin.