Yaɓen Gida Mai Lamba Tara

Ranar da Hajiya Suwaiba za ta koma Birmingham wajen 'yarta, ta kira Abdulsalami ta damƙa masa makullan gidanta. Gwiwoyinta sun gaza hawan bene, mijinta kuma ya shekara biyu da rasuwa.

"Ba haya na ba ka ba, amana ce," ta ce. "Kai da matarka Raki ku zauna. Ka kula da shi kamar gidan ubanka."

"In Allah ya yarda, Hajiya."

Gidan shi ne na tara a jerin gidaje goma sha biyu da ke unguwar Rusholme a Manchester, duk a manne da juna, bangon wannan shi ne bangon wancan. Hawa uku ne, na jan bulo, ginin kusan shekara ɗari biyu. Tagoginsu dogaye ne, sama ake tura su. A kan kowace ƙofa akwai gilashi mai siffar rabin wata, a gaba kuma baƙin shingen ƙarfe. Hukuma ta sa jerin duka cikin gine-ginen tarihi, waɗanda ba a taɓa fuskarsu sai da rubutaccen izini. Takardar da ta faɗi haka tana cikin durowar falo. Abdulsalami bai taɓa buɗe durowar ba.

Shi ɗan magini ne. Ubansa ya yi suna a Zariya wajen ginin ƙasa, kuma duk shekara kafin ruwan fari sai ya tara 'ya'yansa sun sabunta yaɓen gidansu. Yakan ce, "Bangon da tubalinsa ya fito, ko mai gidan ya mutu, ko ya haifi banza." Karatu ya kawo Abdulsalami Manchester, ya ƙare yana aikin gadi a wani sito a Gorton. Amma maganar nan ba ta bar kunnensa ba. Kullum ya dawo daga aiki sai ya tsaya ya dubi bulon gidan a fili, ruwa na dukansa, ƙasar da ke tsakani tana zuba, ya ji kamar shi ake zagi.

A watan Agusta ya samu hutun kwana uku. Ya sayo siminti da yashi, ya aro tsani. Maƙwabcinsa na lamba goma, Manasseh, mutumin Kafanchan mai tuƙa bas, ya leƙo ta kan shinge.

"Malam Abdu, wannan siminti fa? Masallaci za ka gina mana a bakin titi?"

"Sutura zan yi wa gidan Hajiya. Dubi bangon nan, tsirara kamar an yi masa fashi."

"Shekara ɗari biyu yana tsirara, ko mura bai yi ba. Gidan nan listed ne fa, yana cikin gine-ginen tarihi. Ni taga ɗaya na so canzawa, hukumar gari, council, suka sa na yi ta cike form kamar zan auri 'yarsu."

"Kai direba ne, tsaya a sitiyarinka. Ni a kan kwaɓaɓɓiyar ƙasa aka yanke mini cibi."

"To, ɗan magini, kira mai gidan tukuna."

"Wanda aka ba amana ba ya damun tsohuwa a kan kowace ƙusa."

Matarsa Raki ma ta ce ya kira. Ya ƙi. Gaskiyar ita ce so yake Hajiya ta zo ta gani ba zato, ta ce ashe akwai sauran 'ya'yan kirki. Neman yabo ne, ya sa masa rigar amana.

Ya yi aikin, kuma ba a hana shi hakkinsa: hannunsa na da kyau. Daga ƙasa har gindin tagogin bene na farko ya shafe sumul, babu tudu babu kwari. Da ya zo saman ƙofa, simintin na ɗanye, ya ɗauki bayan cokali ya zana dagi kewaye da gilashin rabin watan, irin wanda ubansa ya zana a ƙofar zaurensu. Ya sauko ya tsallaka titi ya duba, har idonsa ya kawo ruwa.

Bayan mako biyu wata Baturiya ta ƙwanƙwasa ƙofa da hantsi. Ta ce sunanta Chloe, ita ce mai kula da gine-ginen tarihi a council. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dafa bangon ta yi bayani da Turanci a hankali. Bulon zamanin da, in ji ta, laushi gare shi, kuma da farar ƙasa aka haɗa shi don ruwan da ya shiga ya samu hanyar fita. Siminti kuwa kulle ruwa yake a ciki. Dole a cire. Takardar gargaɗi kuma wajen mai gidan za ta tafi, don mai gidan doka ta sani.

"Gyara na yi," ya ce. "A garinmu haka ake raya gida."

"Na ga alama." Ta ɗaga kai ta dubi dagin. "Wannan yana da kyau ƙwarai. Can wajenku ana kare gidajen da ke da irinsa?"

Ya kau da kai daga dagin. Shekara uku ke nan da 'yan'uwansa suka rushe gidan ubansu, suka jera shagunan bulo na masu sayar da kayan waya. Da suka nemi yardarsa ta waya, yana cikin bas, ya ce su yi abin da ya fi sauƙi.

Ruwan Satumba ya gaskata Chloe. Bangon falo ya fara gumi daga ciki, takardar ado ta kumbura ta ɓare, baƙin tabo ya ratsa har ɗakin Manasseh. Ma'aikatan da council ta amince da su suka zo suka gwada cire yaɓen a kusurwa ɗaya. Duk ɓallin simintin da ya fito sai ya taho da fuskar bulon a bayansa, ya bar jan rami kamar gyambo.

A ranar Hajiya Suwaiba ta iso, 'yarta Hajar ta tuƙo ta daga Birmingham. Ba ta shiga gidan ba. Ta tsaya a bakin shinge, ta dogara da sanda, ta daɗe tana kallon kusurwar nan.

"Shekara talatin," ta ce, "duk bazara marigayi Alhaji na kan tsanin nan da ɗan cokalinsa, yana cusa farar ƙasa tsakanin bulo, layi bayan layi. Ina yi masa dariya, ina ce masa ya auri bango. Kai kuma kwana uku."

Abdulsalami ya durƙusa a kan dakalin ƙofa.

"Hajiya, cewa kika yi in kula da shi kamar gidan ubana."

"Na faɗa. Gidan uban naka yana ina yanzu?"

Raki da ke bayan ƙofa ta sunkuyar da kai.

"An rushe shi, Hajiya," in ji Abdulsalami.

"Ashe tambayar da ya kamata in fara yi ke nan." Ta miƙo hannu. "Ƙarshen wata ku nemi flat. Makullin baya ka riƙe zuwa lokacin, na gaba ba ni."

Ya zare makullin ya sa mata a tafi. Sannan ya roƙi abu ɗaya, a bar shi ya cire dagin da hannunsa. Hajar ce ta amsa, ta ce takardar council ta hana kowa taɓa bangon sai ma'aikatan nan.

Ranar da suke loda kaya a mota, ma'aikatan sun kai saman ƙofa. Abdulsalami ya tsaya a tsallaken titi, a daidai inda ya tsaya ran da ya gama aikin. Wani mai rawayar hula ya sa kurfi da guduma, yana sauraron rediyo, cikin 'yan mintoci dagin ya zube a bokiti, jan garin bulo manne a bayan kowane ɓalli.

Manasseh ya fito ya kama masa katifa suka ɗora. Yau bai yi tsokana ba.

"Sun ce za su juya bulon da ya lalace, cikinsa ya koma waje," ya ce. "Amma launin ba zai zo ɗaya da sauran ba."

"Har yaushe?"

"Ita Chloe ta ce wataƙila jikokinmu su ga ya saje."

Raki ta kira shi daga cikin mota. Ya jefa makullin baya ta ramin wasiƙu, ya ji faɗuwarsa a kan katakon falo, sannan ya shiga suka tafi.