Alkamar Morwenna

Shekara goma sha huɗu ke nan ina zuwa sansanin farkon girbi, a wata gona ta bayan tudu a Cornwall, ƙasar Ingila, amma ban taɓa zama a darasi ko ɗaya ba. Ni mai fenti ne, ina ɗan taɓa aikin kafinta. Tun zuwanmu na farko aka gane haka, sai aka danƙa min bandakuna da famfon ruwa. Matata Morwenna ce mai shiga da'irar da ake yi in an taru. Ita ta san waƙoƙin, ita ta san sunan kowa har da na karensa. Mutanen gari suna ce mana arna, mu ma haka muke kiran kanmu, sai dai ni arnancina bai wuce ɗaukar buhun garin katako zuwa bandaki ba, wanda ake zubawa a rufe bahaya.

Morwenna ta rasu a watan Fabrairu. Bana mu biyu muka zo, ni da 'yarmu Kerensa, mai shekara goma sha takwas. Ƙarshen Satumba za ta tafi jami'a a Aberdeen, can ƙurewar arewa. Tun bayan jana'iza maganarmu ba ta wuce "ka ci abinci?" da "na ci" ba. Abin da nake tsoro shi ne ta tafi muna a haka. In ta tafi a haka, na san ta tafi ke nan, sai dai katin gaisuwa sau ɗaya a shekara.

Ana saura mako ɗaya mu taho ta tsaya a bakin kicin ta ce, "Baba, kar ka manta da 'yar tsanar Mama." Raina ya yi fari, domin a wannan kam na san na yi abin kirki.

Kowace shekara Morwenna kan kitsa 'yar tsana da karan alkama a sansanin, zangarniyoyin su zama mata kamar siket, ta ɗaure ƙugunta da jan zare. Mu kawo ta gida, ta shekara a kan kantar kicin. In shekara ta zagayo ta tafi da tsohuwar, ta dawo da sabuwa. Ta bara ita ce ta ƙarshe da hannunta ya taɓa. A watan Afrilu na ga kashin ɓera a kusa da ita, hankalina ya tashi. Na sauke ta, na kai ta shagona, na shafe ta da banish, man sheƙin katako irin na jirgin ruwa. Shafi uku na yi mata, kowanne sai da ya bushe na ƙara wani. Ta fito tana sheƙi, ta yi ƙarfi kamar katako. Tun daga ranar na sa ta a kwalin takalmi a saman kabad ɗin ɗakina, ban gaya wa kowa ba.

Ran Juma'a da muka iso, Kerensa ta ɗauki jakarta ta tafi ta kafa tantinta can gefen shinge inda sa'anninta suke. Na kafa namu babba ni kaɗai. Tantin mutum uku ne. Na jera katifa ɗaya a tsakiya, na ga ta yi ƙanƙanta, na matsar da ita gefe, nan ma ba ta yi ba.

Asabar da safe aka kaɗa ƙararrawa, muka taru a gaban babban allo. Ivor, mai koyar da kiɗan ganga, shi ke karanta tsarin ranar, gemunsa a kitse da ƙananan duwatsu.

"Ƙarfe goma, sassaƙar cokali a gindin itacen oak. Wanda ya yanke yatsa ya tsince abinsa, ba ma shara. Ganyayyakin magani a tantin kore. Duba da kati a motar Pru, amma ta ce bana kar wanda ya tambaye ta batun tsohuwar budurwarsa. Ƙarfe biyu, kitson alkama tare da Inna Maud da Kerensa." Mutane suka juya suna duban Kerensa da tausayi. Sannan ya hango ni. "Ga Clive can, sarkin bandaki! Ranka ya daɗe, bandaki na uku yana kuka da sunanka tun asuba."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Mutane da yawa sun rungume ni a ranar, kowa da labarin Morwenna a bakinsa. In labarin ya ƙare sai mu tsaya muna kallon juna, don ba mu taɓa samun abin cewa ba in ba ta nan a tsakani.

Ƙarfe biyu na wanke hannu har gwiwa, na ɗauki kwalin na nufi tantin kitso. Mutum wajen ashirin suna zaune a kan damin ciyawa, ga karan alkama jiƙe a cikin baho. Inna Maud tana kan kujerarta da bargo a cinya. Ta haura tamanin, gonar ma tata ce. Kerensa tana durƙushe tana nuna wa wata mata yadda ake naɗe kara biyar. Hannunta sak na uwarta.

Na miƙa mata kwalin. Ta buɗe, ta yaye tawul ɗin.

Ta ƙwanƙwasa zangarniyar da farce, ta yi ƙara kamar an buga tebur.

"Baba, me ka yi mata?"

"Banish ne. Ɓeraye sun fara zuwa. Yanzu ko shekara hamsin za ta yi, ba abin da zai same ta."

"Shekara hamsin," ta ce. Muryarta ba ta ɗaga ba, kuma wannan ya fi min ciwo. "Shekara goma sha huɗu kana zuwa nan, ba ka san abin da ake yi da ita ba?"

Ta ajiye kwalin a ƙasa ta fita ta bayan tanti. Na yunƙura zan bi ta, Inna Maud ta tare ni da sandarta.

"Zauna, ɗan nan. Bar ta." Ta sa aka miƙo mata 'yar tsanar, ta juya ta a hannu. "Aiki dai ya yi kyau, ba a raina maka. Ran Lahadi da tsakar rana ina kake zuwa?"

"Kwashe bandakuna, Inna. Lokacin ne babu layi."

"To babu layi don duk muna bakin shinge. Kowa yakan kawo tsanarsa ta bara, ya murje ƙwayoyin a cikin akushi ɗaya. In Oktoba ta zo mu shuka a wancan ɗan filin. Abin da ya fito shi ne wannan da ke cikin baho. Mijina yana cikin alkamar nan, uwar Ivor ma haka. Yarinyar nan wata shida tana jiran gobe, ta zuba uwarta a ciki." Ta miƙo min. "Iri ba ya tsiro a cikin gilashi, Clive."

Na rungumi kwalin na fita. Ban san inda zan nufa ba. Masu cokali suna ta sassaƙa suna hira. A tantin kore wani yana tafasa ganye, warinsa ya cika fili. Wasu mata suna koyon rawar da za a yi da yamma, suna kuskure suna dariya. Ko'ina na wuce sai a ɗaga min hannu, amma babu inda na ga gurbin da ya yi daidai da ni.

Ivor ya tsinto ni a wajen famfo, ya ja ni zuwa da'irar maza. Ban taɓa shiga ba. Akwai sanda mai gashin tsuntsu da ake miƙawa, mai riƙe da ita kaɗai ke magana. Wani ya yi maganar mahaifinsa, wani ya yi kuka kan aikin da ya rasa. Sandar ta iso hannuna. Maza goma sha biyu suka zuba min ido. Na buɗe baki, ina so in ce 'yata za ta tafi kuma ban san yadda ake riƙe ta ba.

Abin da ya fito shi ne, "Don girman komai, in kun gama ku riƙa zuba garin katako ludayi biyu, ba ɗaya ba."

Ba wanda ya yi dariya, don a da'ira ba a yi wa mutum dariya. Suka amsa gaba ɗaya, "Mun ji ka, ɗan'uwa." Na miƙa sandar gaba.

Da yamma na dafa wake da burodi na mutum biyu. Na hango Kerensa can nesa a cikin 'yan rawa, an sa mata kambun furanni. Na cinye nawa, na rufe nata da faranti.

Lahadi da sassafe aka tashi da yayyafi. Na shiga bayan motata ta aiki da shayi, na fito da 'yar tsanar na ɗora a cinya. Ina kallonta ne kawai, irin kallon da nake wa ƙofa in na gama shafa ta, ina neman inda buroshi ya tsallake. Kowane mai fenti ya san akwai irin wannan wuri. Sai idona ya tsaya a ƙugunta, inda Morwenna ta matse zangarniyoyin da jan zare. Ta cika son matse ɗauri, ko buhun shara ta ɗaure sai da wuƙa. Na tsakiyar a cunkushe suke, buroshina bai isa can ba.

Amma babu hanyar kaiwa gare su sai an yanka zaren an farke ta.

Na yi kusan rabin awa da wuƙar aljihu a buɗe. Kayan Morwenna 'yar'uwarta ta kwashe ta kai wa mabukata. Ƙamshinta ya bar matashin kai tun bazara. Wannan ɗaurin kaɗai ya rage da yatsunta suka yi, har ina iya ganin inda ta ciji bakin zaren.

Na yanka.

Banish ɗin ya fashe kamar ƙanƙara, karan ya kakkarye. A can ciki na sami zangarniya uku, rabinsu a bushe ba sheƙi. Na sa tabarau na shiga ɓare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya a kan murfin gwangwanin fenti. Wasu banish ya tsotsa ya mayar da su kamar tsakuwa, na ware su gefe. Masu kyau guda tara ne. Na ƙirga sau uku.

Na sami Ivor yana ɗaure gangunansa. Na miƙa masa safar hannu da shebur ɗin kwashe bandakuna.

"Haba Clive! Ni? Da wannan gemun?"

"Cusa shi a riga. Ka fara da na uku."

Ya dubi fuskata, ya karɓa.

A bakin shinge mutane sun yi da'ira cikin rigunan ruwa. Akushin yana kan kututture a tsakiya, Inna Maud na tsaye a kansa. Kowa ya shiga ya murje tsanarsa, ya ambaci suna in yana da wanda zai ambata. Kerensa tana tsaye hannu a aljihu, ba ta riƙe da komai. Na zagaya ta baya har na isa kusa da ita, na buɗe tafin hannuna.

Ta duba. Sannan ta ga jan zaren da na ɗaura a wuyan hannu.

"Ka farke ta?"

"Na farke."

"Duka?"

"Ba abin da ya rage sai wannan."

Ta ɗebe biyar da yatsa, ta bar min huɗu. Muka shiga tare. Na tambayi Inna Maud a hankali ko za su tsiro, ta ce, "Ni na sani? Zuba kawai." Kerensa ta ambaci sunan uwarta. Ni na kasa, sai na buɗe hannu. Suka faɗa cikin dubban 'yan'uwansu, nan take na daina gane su.

Ba ta rungume ni ba. Da muka fito daga da'irar ta tsaya tana kallon ɗan filin.

"Oktoba karatu ya kankama, ba zan samu zuwa shuka ba," ta ce. "Kai za ka zo. Ba bandaki ranar, ba ka da hujja. In kun gama ka kira ni ka gaya min yadda aka yi. Komai da komai, Baba, ba 'lafiya lau' ba."

"To," na ce.

Gida ma ba tare muka koma ba, ta bi motar ƙawayenta. Na sauke tantin mutum uku ni kaɗai, yana jiƙe.

Ran sha biyu ga Oktoba mu shida muka je shuka, cikin iska mai sanyi. Inna Maud ta ba ni layi biyu na bakin shinge. Da aka gama kowa ya shiga motarsa ya tafi. Na zauna a kan kututturen, na fito da takardar da na rubuta abubuwan da zan faɗa don kar in tsaya a "lafiya lau": wa ya zo, me Ivor ya ce, yadda hankaki suka biyo mu. Laka ta ɓata rabin rubutun. Na danna lambarta, ta yi ta ƙara, har na fara sauke wayar daga kunne.

"Baba? Tsaya in fita waje, nan da hayaniya. Yauwa. Fara daga farko."