Sabon Zaure

A gidansu ba a kiranta da sunan yanka. Tun tana aji uku a firamare ake ce mata Ta-Ɗaya, domin abin da ake rubutawa a ƙasan sakamakonta ke nan kowane zango. Mahaifinta tela ne, ya jera takardun a bangon shago sama da keken ɗinki, duk wanda ya zo awo sai ya karanta su kafin a ɗauko tef. Da wannan suna ta shiga jami'a, da kuma ƙudurin da ta yi tun a mota: ba za ta tsayar da kowa ta tambayi hanya ba. Ta ji an ce da tambaya ake gane sabon ɗalibi.

Jadawalin da aka manna a allon sanarwa ya ce: Ƙididdiga, Talata, ƙarfe goma, Sabon Zaure. Ta ɗaga kai ta ƙare wa harabar kallo. Gini ɗaya ne ya cancanci sunan, wani bene mai gilashi wanda ko ledar kujerunsa ba a gama cirewa ba. Ta shiga, ta zauna a layin gaba, ta jera biro uku.

Malamin, wani siriri mai furfura a gemu, ya rubuta "Ƙididdiga" a allo. Ita ce kalma ta ƙarshe da ta gane a ranar. Sauran duk ta kwafe su yadda ake kwafar zanen lalle, ba tare da ta san inda suka dosa ba. Takardar halarta ta zagayo, ta sa hannu da kyakkyawan rubutu.

Ta lura 'yan ajin ba su yi kama da sababbi ba. Wasu na gyangyaɗi, ɗaya na da ciki, babu mai jera biro. Ta yanke cewa haka jami'a take tsufar da mutum, kuma da wuri take farawa. Sauran darussanta a filin taro ake yin su, mutum ɗari shida, ba ta riƙe fuskar kowa ba balle ta kwatanta.

Abokiyar ɗakinta 'yar aji uku ce a wani sashen, kowa a benen kwanansu Yaya yake ce mata. Ta ga yarinyar na dawowa daga laburare da littattafai masu kaurin bulo.

"Ƙanwata, duk wannan na aji ɗaya ne?"

"Sashenmu ba wasa, Yaya."

"To, Allah ya ba da sa'a. Mu dai a aji ɗaya barci muka yi."

Ta-Ɗaya ta ji tausayinta.

Mako na uku ta fara ɗaga hannu. Malam yakan tsaya ya dube ta, ya ce tambaya ce mai kyau, ya kamata kowa ya riƙa komawa tushe. Takan zauna tana jin daɗi. Mako na biyar aka yi gwaji.

Talatar da ta biyo, Malam ya shigo da takardun, ya raba duka sai ɗaya.

"Wace ce mai lambar da ta fara da shekarar bana?"

Ta miƙe.

"'Yar nan, ajinki nawa?"

"Ɗaya, Malam."

"Me kike yi a cikin 'yan aji uku?"

"Jadawali ne ya ce Sabon Zaure."

Dariyar daga baya ta taso, ta gangaro layi-layi, har mai gyangyaɗi ya farka ya tambayi abin da aka ce, shi ma ya shiga. Malam ya kai ta bakin taga ya nuna mata wani gini can bayan tankin ruwa, kwanonsa ya yi tsatsa, rabin tagoginsa katako.

"Ga Sabon Zaure can. Ina ɗalibi aka gina shi. Nan Gilashi ake ce masa." Ya miƙa mata takardarta. "Huɗu cikin ashirin. Kuma ba ke ce ta ƙarshe ba, abin da ya fi damuna ke nan."

Dariyar ta ragu. Ita kuwa ta tattara birorinta ta kwasa da gudu zuwa ginin mai tsatsa, ta samu takardar halartar ajinsu na gab da komawa hannun mai ita, ta sa hannu.

Dokar tana shafi na tara na littafin da aka raba musu ranar rajista: wanda halartarsa ba ta kai kashi saba'in da biyar cikin ɗari ba, ba zai zauna jarrabawa ba, sai baɗi. Ta karanta sau uku. Ta yi tunanin yadda za a rubuta "sai baɗi" a takardar da za ta hau bangon shago.

Washegari ta tsaya a ofishin malamar da ke koyar da 'yan aji ɗaya, mace mai tabarau a kan hanci, wadda ba ta ɗago daga makin da take yi ba. Ta-Ɗaya ta kawo bayaninta tsaf, ta ajiye wasiƙar shaida da Malam ya rubuta mata.

"Lacca nawa ce a zango?" in ji Malama.

"Goma sha huɗu."

"Nawa kika rasa?"

"Ban rasa ba, Malama, wani wurin na..."

"Nawa kika rasa a wurina?"

"Biyar."

"Lissafa min. Ai kin yi aji uku."

Ta lissafa a tsaye. "Kashi sittin da huɗu."

"To me kike so in yi miki? Wanda ya shiga motar da ba tasa ba, direban tasa ne zai ba shi haƙuri?" Malama ta karanta wasiƙar, gefen bakinta ya ɗan motsa. "Mako biyar. Ba ki tambayi ko mai shara ba?"

"Ban so a gane ni sabuwa ce ba."

"Yanzu fa?"

Tun jiya mai sayar da ruwa a bakin ƙofa yake ce mata Hajiya Aji Uku.

Malama ta miƙa hannu. "Ba ni littafinki."

Ta buɗe shafin farko, ta juya, ta sake juyawa, tana bin layukan da bayan biro. A wani wuri ta tsaya.

"Har tarin da Malam ya yi kin rubuta?"

"Na ɗauka alama ce."

Malama ta cire tabarau ta goge ido. Da ta mayar, ta nuna shafukan farko. "Mako biyun nan bita ya yi musu. Darasina ne na zango guda ya tattara a lacca biyu, a guje, kamar ana korarsa. Waɗannan zan iya cewa kin zauna a darasina, ko da ba a gabana ba. Sauran ukun kuwa ki kai wa wanda ya koyar da su. Tara da biyu?"

"Goma sha ɗaya."

"Cikin sha huɗu?"

"Saba'in da takwas da ɗigo biyar da bakwai."

"Ba na son ɗigon. In kika rasa ɗaya nan gaba?"

Ta lissafa. "Saba'in da ɗaya."

"To kin gani. Ko zazzaɓi ne, a ɗauko ki a kawo min."

Ta jawo rajistar ajin, ta nemo sunan, ta yi ƙananan alamu biyu a gabansa. Ta-Ɗaya ta durƙusa ta fara jero godiya, har da ta iyaye da kakanni. Malama ta riga ta koma kan makinta.

"Tashi, 'yar nan. Da fensir na rubuta."