Hannun Rigar Jibo

"Ɗaga hannu," in ji Mutari tela, metir ɗin awo a wuyansa.

Jibo mai lambu ya ɗaga yana dariya. "Ka ƙara yadi, maƙwabci. Duk unguwar Gamkalley cewa ake na dawo da ƙibata."

Shekara ashirin Mutari yana ɗinka wa mutumin nan kaya, katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Ya san jikin Jibo kamar yunwar cikinsa. Da ciwon dajin jini ya kama shi bara, sai da ya rage masa riguna har sau biyu. Yanzu kuwa ga kumatu sun cika, ga tumbi ya fito. Ciki ya ƙaru da santimita tara. Amma damtsen nan da ke ɗauko bokiti biyu daga bakin kogi, metir ya zagaye shi har da rara. Mutari ya sake aunawa. Haka dai. Ya naɗe metir ɗin.

"Yaushe ne randebunka da lokotoro, ranar komawa asibiti?"

"Ya wuce tun Talata. Me zan je yi? Dube ni fa!"

Ranar Mutari bai yi ɗinkin kirki ba. Ya yanka wuyan riga a karkace, ya karya allura biyu, ya tashi ya zauna ya fi sau goma. Da la'asar ya kasa haƙuri, ya leƙa gidan. Ramatou, matar Jibo, tana dama fura.

"Ramatou, wannan ƙibar ta Jibo ba ta kwanta mini ba. Fuska da ciki ne kawai. Naman hannu ya tafi. Kada dai kumburin magani ne."

Ta ajiye ludayi. "Haba Malam Mutari! Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Wata nawa ina fama, fura da safe, dambu da rana, sai yanzu da mutum ya murmure za ka sa masa baki?"

To, a unguwar nan wa ke son a ce bakinsa ne ya kayar da maras lafiya? Mutari ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya fito. Sau uku a makonnin da suka biyo baya yana zuwa ƙofar Jibo da maganar a bakinsa, sau uku yana ɓigewa da tambayar yaya ganyen salati a lambu. Tsoro ne, wallahi, ba wani abu ba.

Saura kwana shida Babbar Salla zazzaɓi ya kayar da Jibo. Mutari ne ya tallabe shi zuwa taksi, ya ji ƙaton nan ba nauyi. A asibiti lokotoro ta matsa damtsen, ta dubi takardar randebu.

"Maganin ne ya cika masa fuska. Wata biyu ba wanda ya ga hannuwan nan?"

Mutari ya sunkuyar da kai.

Ran Alhamis da hantsi Jibo ya cika. Bayan an dawo daga maƙabarta, Ramatou ta aiko da kwanon abincin sadaka, ba saƙon komai. Mutari bai buɗe ba. Ya zauna a shago, ƙafa kan keken ɗinki, ba ya takawa. Shuɗiyar shaddar da ya ɗinka wa Jibo ta salla tana rataye a ƙusa, faɗin ciki kamar na mutum biyu, hannuwan ƴan sirara, daidai yadda ya auna.