Murfin Tankin Feshi

Tun da na shiga gidan mijina ban taɓa ganin ya dawo daga aiki da busasshen wando ba. Feshin maganin ƙwari yake yi a wata babbar gonar kayan lambu, irin wadda ake rufe shuka a cikin dogayen rumfunan leda. Zafin cikin rumfar nan, in ji shi, ko ƙarfe ka ajiye sai ya yi gumi. To, sai masu feshin suka samo wa kansu dabara. In sun goya tankin a baya, sai su ɗan sassauta murfin, duk taku ɗaya ruwan maganin ya fantsalo, ya bi gadon baya, ya gangara cikin wando. Wai sanyi suke sha! Sabon shiga ma ba a ɗaukarsa ya iya aiki sai ya koyi wannan.

Ba wai ba a ba su kayan kariya ba. An ba su riga mai haɗe da wando, da safar hannu, da takunkumi. Amma wa zai sa? Duk wanda ya sa, sunansa amarya har a tashi aiki. Ta mijina tana saman kwaba a cikin ledarta, ko buɗewa bai yi ba. Abokan aikinsa Kwaɗo suke kiransa don kullum a jiƙe yake, shi kuma har wani ƙobarewa yake yi in an kira shi haka.

Ni nake wanke wandon. In na shanya, ko ƙuda ba ya sauka a igiyar. Har yi wa maƙwabta kuri nake yi cewa sauro ba ya kwana a ɗakinmu.

Shekara ta bi shekara, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Inna, uwar mijina, ba muguwar mace ba ce, jika kawai take so ta gani kafin ta kwanta dama. Ita take kawo mini jiƙe-jiƙe, ta tsaya a kaina sai na shanye. Wallahi na sha ɗaci a duniyar nan. Na sha kore, na sha baƙi, na sha wanda ya sa na wuni ina zarya bayan gida. In an haihu a unguwa na je barka, sai mata su rage murya. Mijina kuwa sai dai ya ce, "Ki ƙara haƙuri, lokaci ne."

Da abin ya ishe ni, na kai kaina asibiti, ɓangaren masu neman haihuwa. Na zauna a kan dogon bencin jira, kaina a sunkuye don kar wani ya gane ni. Sai na ji an taɓa ni.

"Ke ma?"

Na ɗago. Matar Dogo ce, abokin aikin mijina. Kusa da ita matar wanda yake haɗa musu maganin. Can ƙarshen benci ga matar shugabansu, tana ta jan mayafi tana rufe fuska.

Matar Dogo, da yake bakinta ba ya shiru, ta ce, "Ikon Allah! Wannan benci ai taron matan masu feshi ne."

Ta yi dariya ita kaɗai, dariyar ta mutu a bakinta. Muka kalli juna. Sai aka fara kira.

Likitar ta duba ni ciki da bai, ta ce lafiyata ƙalau, in zo da maigida.

Ai kuwa ranar an yi ta a gidanmu. "Ni?" in ji shi. "Ni za a gwada? Ke ce shaida, me na rasa?" Na ce ba wannan ake magana ba. Ya ce raini ne. Na ce in raini ne, to, na shekara da shekaru ina shan raini a kofi, yau shi ma ya ɗanɗana. Ya yi kwanaki ba ya cin abincina, daga baya dai ya bi ni asibitin, ya jawo hula har kan gira.

Da sakamako ya fito, likita ta tambaye shi sana'arsa. Ya faɗa mata. Har dabarar murfin ya ba ta labari, yana murmushi. Ta ajiye biron hannunta ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, "Malam, fatar maraina ba ta da kauri, ta fi ko'ina shan abin da ya taɓa ta. Shekaru kana jiƙa ta da guba daga safe zuwa yamma. Ƙwayoyin haihuwar da muka gani a maniyyinka 'yan kaɗan ne, su ma babu mai motsi."

Na ce, "Likita, in ya daina, za su dawo?"

Ta ce, "Ba zan yi muku ƙarya ba. Da da wuri ne, da na sa rai. Yanzu kam da wuya."

Muka kamo hanyar gida har muka zo bakin ƙofa. Nan ya riƙe mini hannu, abin da bai taɓa yi a waje ba. "Don Allah ki rufa mini asiri. Kar Inna ta ji. Kar kowa ya ji." Na buɗe baki zan zazzage masa duk ɗacin da na sha, sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Haushinsa nake ji, tausayinsa kuma ya fi ƙarfina. Na ce na ji.

Washegari ya ɗauki wandon aikinsa. Na ce, "Komawa za ka yi?" Ya ce, "Me ya rage da zai kashe?" Ya fita.

Akwai ƙaninsa, Auta, wanda ya yi aure bai daɗe ba. Mijina da kansa ya samo masa aiki a gonar, tun kafin mu je asibiti. Wata rana da la'asar muna tsakar gida, Inna ta zo da sabon jiƙonta tana tacewa a kofi, sai ga Auta ya shigo, wandonsa sharkaf, bakinsa har kunne.

"Yaya, yau na gane kan murfin nan! Kai, ashe haka kuke shan daɗi ku bar mu muna dahuwa?"

Mijina ya miƙe ya shiga ɗaki. Na ji yana jan kujera, sai ga shi da ledar nan ta saman kwaba, duk ta yi ƙura. Ya miƙa wa Auta.

"Daga gobe ka riƙa sa wannan. Kuma ka ɗaure murfinka tam."

Auta ya kwashe da dariya. "Haba Yaya! So kake a ce mini amarya, ga amarya na bari a gida? Kai da ka tsufa a aikin nan ba ka taɓa sawa ba, me ya same ka?"

Na zuba wa mijina ido. A raina ina cewa faɗa masa, don girman Allah faɗa masa, kalma ɗaya ce. Ya kalle ni, ya kalli Inna, ya kalli ƙasa.

Ya ce, "Ba komai."

Auta ya ajiye ledar a kan tabarma, ya ce bari ya je gida, amarya tana jira. Inda ya tsaya ya bar danshi a kan siminti.

Inna ta miƙo mini kofin. "Karɓi, 'yar nan. Wannan an ce ba ya kuskure."

Na karɓa na shanye.